Arzikin ƙasa na ƙaruwa, cefane na raguwa: wai ina kuɗin ke maƙalewa ne?

Wai ta yaya za a ce tattalin arzikin Najeriya yana haɓaka alhali magidanci kullum rage awo yake? Wannan tambayar ce ta tayar da musu a teburin mai shayinmu nan Agege, bayan wani ya karanto a waya cewa tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi 3.4 cikin ɗari a 2024. Wani yaro da aka ƙwace wa babur, yanzu yana dako, ya ce wallahi ƙarya ce tsagwaronta, a ofis suke zama su rubuta abin da suka ga dama. Baba mai shayi bai ko ɗago ba, yana ta kaɗa ƙwai, ya ce "to Malam, kai da ka yi boko, ina haɓakar take, a kawo mana ita mu gani."

Ni aikina rubuta lissafi ne a wajen wani dillalin kayan gwari a Mile 12, ba masani ba ne, amma na ɗan karanta, kuma kullum kuɗin mutane ke wucewa ta hannuna. Abin da na ce musu shi ne, da ƙarya ce da ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne lissafin zai iya zama gaskiya kuma yunwar ma gaskiya ce, kuma ba a Najeriya kaɗai aka taɓa ganin haka ba.

Mene ne GDP ɗin nan da ake ta faɗa?

GDP, ma'aunin da aka ce ya ƙaru da kashi 3.4 ɗin nan, jimillar kuɗin duk abin da aka samar ne a cikin ƙasa a shekara guda, kaya ne ko aiki. Gangar ɗanyen mai, buhun masara, katin waya, askin wanzami, kuɗin danfo daga Oshodi zuwa Obalende, a ƙiyasta a haɗa. In na bana ya fi na bara, bayan an cire tashin farashi, sai a ce an samu haɓaka. Shikenan fa. Ma'aunin ba ya tambayar aljihun wa kuɗin ya shiga. In Alhaji guda a Banana Island ya samu ribar biliyan goma, mutum dubu a Makoko suka yi asarar ɗan abin da suke da shi, lissafi zai iya nuna ƙasa ta ci gaba. Kai har man da kake ƙonawa a go-sulo na Apapa da kuɗin gyaran janareto duk suna cikin lissafin.

Sannan ga yawan jama'a. Muna ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin ɗari duk shekara, kenan in tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3, abin da ya rage wa kowane kai ɗan ƙiris ne, ko da an raba daidai, ba a kuwa rabawa daidai.

Akwai kuma sauya ma'auni, wanda shi ya fi rikita mutane. A watan Afrilun 2014 hukumar ƙididdiga ta sabunta yadda take lissafi, aka shigo da harkokin da a da ba a ƙirga su sosai kamar kamfanonin waya da finafinai, sai GDP ɗin 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 ya koma biliyan 510, muka wayi gari mun wuce Afirka ta Kudu, mun zama na ɗaya a Afirka. Ba wanda miyarsa ta ƙara nama a wannan daren. Haka rashin aikin yi, a ƙarshen 2020 an ce kashi 33.3 ne, a farkon 2023 aka ce 4.1, saboda sabon ma'auni ya ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a sati don samun kuɗi yana da aiki. Kenan yaron nan mai sayar da fiya wata a tsakiyar motoci a Ojota ma'aikaci ne. Hauhawar farashi ma haka, 34.8 a Disambar 2024, bayan sauya ma'auni ta koma 24.48 a Janairun 2025. Kuma ko an ce hauhawar farashi ta sauka ba wai kaya sun yi araha ba ne, gudun tashinsu ne ya ragu.

Kumburi daban, ƙiba daban

Masana suna raba haɓaka da ci gaba. Haɓaka ita ce ƙaruwar lambar nan. Ci gaba kuwa shi ne mace ta haihu ta tashi lafiya, yaro ya gama firamare ya iya karatu, a kunna famfo ruwa ya zo, kuma uwa uba, guminka na yini guda ya riƙa samar da abin da ya fi na mahaifinka. Wani masani ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, shi ya jagoranci fito da ma'aunin ci gaban ɗan adam a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wanda ke haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, saboda ya ga ƙasashe na haɓaka a takarda mutanensu na nan jiya i yau.

Ikwatoriyal Gini nan maƙwabciyarmu ce babban misali. Mai ya ɓulla a shekarun 1990, jama'a kaɗan, in ka raba kuɗin da kawunansu an yi lokacin da suke kafaɗa da kafaɗa da wasu ƙasashen Turai. Mutum ɗaya ke mulki tun 1979, kuma talakan ƙasar bai ga Turai a tukunyarsa ba. Mu kuma a 2022 hukumar ƙididdigarmu da kanta ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, wato lafiya, ilimi, muhalli da aiki, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Sakkwato wajen kashi 90 cikin ɗari, Legas ba ta kai 30 ba. Wanda ke mamakin tirelolin da ke sauke samari a Agege da Alaba Rago duk asuba ya dubi wannan lambar.

A ina siyasa ta shigo?

Nan ne ainihin maganar. Tambaya ɗaya ce in ka yi wa kowace ƙasa za ka fahimci rabin halin da take ciki: daga ina gwamnati ke samun kuɗinta?

Zamanin dalar gyaɗa, gwamnatin Arewa da gumin manomi take rayuwa. Hukumar sayen amfanin gona ta sayi gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa ya kwaso daga Kano ya kawo tashar ruwa nan Ikko, a sayar waje, rarar ta shiga asusu. Kar wani ya ce aljanna ce, domin hukumar tana sayen gyaɗar ƙasa da farashin duniya, manomi aka tatsa. Amma ko mai tatsa yana so saniyar ta rayu. In gyaɗa ta lalace gwamnati ta shiga uku, dole ta damu da iri da taki da hanya da malamin gona. A wannan zamanin aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Da aka samu mai a Oloibiri a 1956, sannan farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai igiyar nan ta tsinke. Kuɗi na fitowa daga rijiya, kamfanonin waje ke haƙowa, a zuba a asusun tarayya, ƙarshen wata kowa ya je ya karɓo kasonsa. Gwamna ba ya buƙatar manomin Ɗanbatta ya yi arziki kafin ya biya albashi ko ya sayi jerin gwanon motoci. Abin da yake buƙata a wajensa ƙuri'a ce, sau ɗaya a shekara huɗu, ita kuwa taliya da atamfa sun isa. Siyasa ta tashi daga yadda za a samar ta koma yadda za a raba, shi ya sa kowa ke son a ƙirƙiro masa jiha, daga yankuna 3 har muka kai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Dattawan Apapa har yau suna ba da labarin 1975, lokacin da aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ma ya daskare a ciki.

Akwai kuma wata cuta da masana suka laƙaba wa sunan ƙasar Holan, don can aka fara lura da ita bayan sun samu iskar gas. Dala ta yi ta shigowa, kuɗin ƙasa ya yi ƙarfi fiye da ƙima, kayan waje su yi araha, na gida su kasa gasa. Me zai sa ka wahala da noman shinkafa in ta Tailan ta fi sauƙi? A hankali gona ta mutu, masana'anta ta bi ta. Kawuna ya yi shekara da shekaru a wata masaƙa a Kakuri, yana da katin asibiti, yana da keke sabo, ƙarshen wata albashi. Da aka rufe ya dawo nan yana gadi a Ikeja, cikin ɗan akurkin bakin get yake kwana har tsufa ya mayar da shi gida. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu suka kashe masaƙu sama da ɗari a ƙasar nan.

Su waɗanda suka tsallake, me suka yi?

Mutane na son cewa ai su shugabanninsu na kirki ne. Ba haka abin yake ba. Park Chung-hee da ya karɓi Koriya ta Kudu a 1961 soja ne mai juyin mulki, ya ɗaure 'yan adawa, kuma cin hanci bai ƙare a zamaninsa ba. Amma ƙasar ba ta da mai, ga maƙiyiyarta Koriya ta Arewa ta zuba mata ido, in ba ta samar da abin sayarwa ba ta mutu. Tun kafin shi an raba wa manoma gonakin manyan masu ƙasa. Shi kuma ya ɗauki wasu 'yan kasuwa ya ba su bashi mai sauƙi da kariya, amma da sharaɗi: ka sayar da kayanka a kasuwar duniya, in ka kasa a janye a ba wani. Sharaɗin nan shi ne sirrin, domin Ba'amurke ba zai sayi rediyonka don kai ɗan uwan minista ne ba. Sun kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ya fara aiki 1973. Mu mun fara Ajakuta a 1979, har yau ana kasafta mata kuɗin albashi, ƙarfen ne dai shiru.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce Indonisiya, saboda kamarmu ɗaya: jama'a da yawa, ƙabilu barkatai, mulkin soja, ga mai, ga sata, don Suharto da iyalansa sun kwashi rabonsu. Amma kuɗin man shekarun 1970 sun zuba wani kaso mai tsoka a karkara, taki, madatsun ruwa, hanyoyin ƙauye, da makarantun firamare sama da 60,000 cikin 'yan shekaru. Zuwa 1984 suna ciyar da kansu da shinkafa. Ba don Allah ya yi ba, tsoron boren manoma yake, ya san in ƙauye ya ji yunwa kujerarsa ce za ta girgiza.

Chaina ta fara nata gyaran a 1978 daga gona ita ma, aka bar manomi ya sayar da rarar amfaninsa, sannan masana'antu suka biyo, Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci. Bangaladash da ɗinkin riguna kawai ta ba mutum wajen miliyan 4 aiki, akasari mata. A Afirka ma Botsuwana ta samu lu'ulu'u bayan 'yancin 1966 kuma ba ta haukace ba, duk da ita ma rashin aikin yi na damunta saboda haƙar ma'adini ba ta ɗaukar mutane da yawa.

Masu cewa a sakar wa kasuwa, da masu cewa gwamnati ta riƙe

Ɓangare na farko, su IMF, wato asusun ba da lamuni na duniya, da Bankin Duniya da masu ra'ayinsu a gida, cewa suke gwamnati ta cire hannu, a daina tallafi, a bar naira ta nemi farashinta. Hujjarsu tana da ƙarfi, kar mu yaudari kanmu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a hannun 'yan canji kuma wajen 750, duk mai hanya ya karɓo ta farko ya sayar a ta biyu ya zama attajiri bai ɗaga ko tsinke ba. Tallafin mai kuma a lokacin tiriliyoyi yake ci, wani man a Kwatano da Nijar ake shan sa. Ɓangare na biyu su ce mun sha wannan maganin a 1986 lokacin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, naira ta faɗi, an sallami ma'aikata, masana'antar da ke shigo da kayan aiki daga waje ta durƙushe, kuma babu ƙasar da ta taɓa gina masana'antu ba tare da hannun gwamnati ba, har su Ingila da Amurka masu wa'azin.

Ni a nawa ganin duka biyun suna kauce wa wurin da ke ciwo. Mun gwada riƙewa: an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an hana shinkafar waje, an ba da rancen noma, masu injin casa sun samu, farashi ya hau, kuma ba wanda aka ce wa in ba ka sauke farashi cikin shekara kaza ba za a janye kariyar. Mun gwada sakewa: 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, dala ta wuce 1,500. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000, amma in ka auna da dala na 2019 ya fi na yanzu, ci gaban mai haƙan rijiya kenan. A duka biyun dai kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kowace lalacewa a ƙasar nan akwai mai cin abinci da ita, rashin wuta kasuwar wani ce, mutuwar matatun gwamnati 4 ta yi shekaru tana azurta masu shigo da mai, kuma irin waɗannan su ke ɗaukar nauyin kamfen. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ita ma musun da ake a kanta kenan: wasu na ganin irin abin da Koriya ta yi ne, wasu na tambayar wa zai taka wa mutum ɗaya birki in kasuwa duk ta koma hannunsa.

Abin da littafina na Mile 12 ke nunawa

Bari in ba ku abin da na sani da idona. Ana loda tumatir a Kwanar Gafan ta Kano cikin kwandunan kaba, a jera su kan juna, mota ta kamo hanya. Direba ya dawo min da takardar abin da ya kashe, ni ke shigarwa. Gas, wato man dizal, shi ne babba. Sai kuma layi-layi na kuɗin hanya, wannan shinge, wancan shinge, masu kaki, masu sanda da ƙusa, masu rasit ɗin ƙaramar hukuma, wani rasit ɗin ko tambari babu, in an shigo gari kuma ga 'yan agbero, 'yan tashar da ke tare motoci suna karɓar kuɗi. Akwai ranar da motarmu ta lalace bayan Jebba, aka kwana biyu ana neman kayan gyara. Da ta iso aka buɗe, tun kafin a sauke kwandon farko ruwa ke ɗiga ta ƙasan bodi, wari ya cika layin, na ƙasan duk sun zama miya. Maigidana ya tsaya ya dafa mota ya ce "Malam rubuta, Allah ya mayar da alheri." Matan da ke sayen ruɓaɓɓe suka kwashe a wulaƙance. Manomin can ya sayar da arha, matar Ketu ta saya da tsada, mu na tsakiya ana zagin mu, a shagon da ke kallonmu kuma tumatirin gwangwani ne wanda aka shigo da markaɗensa daga Chaina.

Babu motar sanyi, babu jirgin ƙasan kaya da za ka dogara da shi, babu wutar da za ta riƙe injin markaɗe a kusa da gona. Amma gas ɗin da aka ƙona da ladan makaniken Jebba duk sun shiga GDP.

Me talaka zai sa wa ido?

Legas ta bambanta da sauran jihohi ta wuri ɗaya: kaso mafi girma na kuɗinta daga harajin cikin gida yake, sama da naira biliyan 800 a 2023. Shi ya sa take son kasuwanci ya motsa, ga jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2, ga tashar ruwa ta Lekki. Amma kunnenta ya fi jin mai biyan haraji da yawa. Ran 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, aka niƙe babura, akwai hujjar tsaro da haɗari, amma ba wanda ya tanadi abin da yaran za su koma yi. Yawancinmu a nan muna biyan tikiti kullum, amma katin zaɓenmu na gida ne, can kuma gwamna ba da kuɗinmu yake rayuwa ba. Mun faɗa tsakiya.

Tun da aka cire tallafi, kuɗin da ake rabawa duk wata ya haura tiriliyan 1, gwamnoni sun samu ƙari sosai, kuma a Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To kuɗin da ka ƙara biya a gidan mai can suka tafi, can ya kamata a bi sawu, asibitin garinku, taki kafin damina ba bayanta ba, malamin firamare. Sai sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka yafe wa mai samun 800,000 ko ƙasa a shekara harajin kuɗin shiga, bayan gwamnonin Arewa sun yi ta kai ruwa rana kan yadda za a raba harajin VAT. In dokokin suka rage shingayen hanya, zan gani a littafina kafin a faɗa a rediyo. In kuma ƙari ne a kan na agbero, shi ma zan gani.

Yaron da aka ƙwace wa babur ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi dai in ya haɗa kuɗin mota da na buhun taki biyu gida zai tafi kafin ruwa ya sauka, in ɓarayin daji sun bari a yi shuka. Baba mai shayi ya miƙo masa kofi, ya ce madarar ta ƙara kuɗi, yau rabin gwangwani za a raba musu su uku.